Ruwa ya yi garau, kifi na ta susa

Wata safiya na tarar da shuɗin kifina, wanda ake kira tang, kamar an barbaɗa masa gishiri. Ɗigo-ɗigo farare a jiki, yana goga ciki da dutse kamar mai ƙazuwa. Ƙwayar Cryptocaryon irritans ke nan, dodon masu kiwon kifin ruwan gishiri. Ni kuwa a lokacin na yi imani babu matsalar da sabuwar na'ura ba ta maganinta.

Na fara da fitilar UV, mai hasken da ido ba ya gani wanda ke kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan tanki ne ke ratsa bututu, haske mai zangon nanomita 254 ya lalata ƙwayar halittar duk abin da ya gifta. Sai na yi lissafi irin nawa: ruwa da yawa, gawa da yawa. Na ɗaura mata famfo mafi ƙarfi da nake da shi. Ashe wannan ƙwaya ta fi gansakuka taurin rai, sai ruwan ya bi a hankali ta daɗe gaban hasken kafin ta ji jiki. Ni dai yawon buɗe ido nake kai su. Su shiga, su gaida fitila, su fito da ƙarfinsu.

Da mako ya zagayo ɗigon ya ƙaru, na ce fitila raguwa ce, a kawo ozon.

Ozon ba ya wasa. Iska ce mai ƙona datti, ana tura ta cikin na'urar kumfa da ke tsame ƙazantar ruwa. Takardar da ta zo da injin ta yi maganar gawayin tacewa a mafitar ruwa da ta iska, da ma'aunin da ke nuna ƙarfin ƙunar a milibolt, wanda masu hankali ke riƙewa tsakanin 300 da 400. Takardar nan da ita na goge gilashi. Na murɗa maɓalli har ƙarshe, na kwanta.

Tsakar dare uwargida ta tashe ni.

"Maigida, wayar wuta na ƙonewa a gidan nan."

Falo ya cika da wani wari mai kaifi, irin na bayan tsawa. Kaina na sarawa, maƙogwaro na ƙaiƙayi, ni da na je kashe ƙwaya. Na ce mata ƙamshin tsabta ne. Ta dube ni, ta zare soket, ta buɗe tagogi, ba ta ce uffan ba. Daga baya na karanta cewa a ruwan teku ozon na haɗuwa da sinadarin buromayid, ya haifar da abin da ke ƙona sassan da kifi ke numfashi da su. Bayan 'yan makonni tiyon robar ma ya tsattsage.

Amma a ba shi haƙƙinsa: rawaya-rawayar da ke cikin ruwan ta ɓace tas. Ruwa ya yi garau, har ina iya ƙirga ɗigon da ke jikin kifin daga bakin ƙofa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, duk na'urorin biyu masu gadin hanya ne, sai wanda ya biyo ta gabansu suke kamawa. Ƙwayar kuwa ko tana cikin fatar kifi tana ci, ko ta faɗo ta lafe cikin yashi tana hayayyafa. 'Ya'yanta ne kawai ke iyo, kuma mafi yawansu kifi suke nufa, ba bututuna ba. Idan dole ne in zaɓa, fitila zan ɗauka, don in na yi kuskure da ita kuɗin wuta kawai na yi asara.

A ƙarshe na kwashe kifin zuwa wani tanki dabam, na sa musu maganin tagulla, wanda ba ya shiga babban tanki don yana kashe murjani da jatan lande. Babban kuma aka bar shi ba kifi kwana 76, yunwa ta gama da ƙwayar.

A kwana na 40 surukina ya zo. Ya daɗe tsaye gaban tankin, fitila na aiki, famfo na gudu a hankali. Can ya juyo.

"Kai, ruwan nan ya yi kyau. Shi kake kiwo?"