Oga Ya Samu Goma

A PostgreSQL, manhajar adana bayanai, tun fitowar 9.6 a 2016, idan tambayar neman bayanai ta yi nauyi ana iya raba aikinta: Oga ɗaya, leburori biyu, da allo guda a ƙwaƙwalwar da suke tarayya a kai. Maigadi kuma shi ke lura da gidan gaba ɗaya. Yau layi goma na bayanai kacal aka nema.

Oga: Goma sun cika! Kowa ya watse, zan goge allo.

Maigadi: Ranka ya daɗe, allon nan ba ya goguwa sai hannun ƙarshe ya sake shi. Ka kwashe lissafin yaran?

Oga: Wane lissafi kuma?

Maigadi: Yawan shafukan da kowa ya karanta. Sai sun gama suke rubutawa. Ka tafi yanzu, rahoto zai fito kamar kai kaɗai ka yi aikin.

Oga: Ai dama haka nake faɗa wa na sama. To, na tsaya. Kai, Lebura, gama mana!

Lebura: Oga, bututun da nake turo maka layi ya cika maƙil, kilobait 64 ne cikinsa. Ga wani layin a hannuna. Kwashe in gama.

Oga: Gama in tafi.

Lebura: Kwashe in gama.

Oga: Ni kake mayar wa magana?

Maigadi: A haka za ku kwana, kowa na jiran kowa. Fara cire bakin bututun ta wajenka. Da ya ga ba mai karɓa zai ajiye. Sannan ka jira shi, ka kwashe lissafi, kana ka saki allo.

Oga: Na cire.

Lebura: Alhamdu lillahi, hannuna har ya sage.

(Malalaci, lebura na biyu, ya shigo yana hamma, ya dafa allo.)

Malalaci: Sannunku. An fara ne?

Oga: An fara? Ina sandar nan mai kashe ma'aikaci nan take, kill -9?

Maigadi: Kada ka... Shi ke nan. Kowa waje!

Oga: Har ni? Shi fa na buga!

Maigadi: Ya faɗi hannunsa na kan allo. Wa ya san abin da ya bari rabi da rabi? Duk mai aiki a gidan nan ya fita, sai na bi littafin WAL, inda ake rubuta kowane canji kafin a yi shi, na gyara.

Oga: To goman nawa fa?

Maigadi: Wane goma?

Lebura: Oga, in an buɗe, da kai za a sake ɗaukarmu?