Mai Gadin Hausa Da Ba Wanda Ya Ɗauke Shi Aiki

Akwai wani bawan Allah a garin nan namu na Kano da ya naɗa wa kansa rawanin Sarkin Hausa, ba a kai shi fada ba, ba kuma wanda ya ji tambari. Kullum aka idar da isha'i sai ya ɗauki waya ya fita sintiri a Facebook, yana farautar yaron da ya rubuta "ykk" ko "gsky". Da ya samu sai ya ɗauki hoton rubutun, ya zagaye shi da jan layi, ya ɗora a shafinsa, wai Hausa ta rasu, jama'a su fito jana'iza. Makon jiya layi ya biyo ta kaina. Ba zan kama suna ba, don sa'an kawuna ne, mu kuwa a gidanmu ba a kiran sunan babba gatsal. Wanda ya tsargu dai da shi ake.

Laifina shi ne na taya wani abokin sana'ata murna, na ce ya yi wuf da 'yar layinsu, na ƙara da cewa tuwon walima ya yi masifar daɗi. Shi ke nan sai dattijon arziki ya zuba mana karatu mai tsawon zango. Wai wuf aikin shaho ne da ɗan tsako, don haka na mayar da 'yar mutane abin fizga, na raina sunna. Wai kuma na kira wa ango da amarya masifa tun ba su kwana a gidansu ba.

To jama'a, ku da kuke garin nan, in kun ji an ce wane ya yi wuf da wance, me kuke fahimta? Yaro ne ya ga yarinya ta kwanta masa, bai tsaya shekara uku yana ɗumama mata dakali da zance ba, ya tura magabata, aka yanka sadaki, aka shafa fatiha. Abin da su wane suke ta wa'azi a kai ke nan tun muna yara: a daina dogon zance, a fito a yi aure. Yara sun yi, har sun raɗa wa abin suna suna yi wa juna kirari da shi, sai kuma sunan ya zama abin faɗa. Batun masifa kuwa, ni da kunnena na ji mutumin nan a wurin wani ɗaurin aure yana cewa shaddar wani Alhaji ta yi mugun kyau. Ban ji ya tsaya ya yi wa shaddar addu'ar tsari daga mugunta ba.

Ba na cewa duk abin da yara ke furtawa daidai ne. A kasuwar waya ta Farm Centre nake neman abincina, kullum ina jin ana nuna yaro a ce wallahi shege ne a gyaran waya, shi kuma ya washe baki don yabo aka yi masa. Ni kalmar ba ta yi mini, kuma ba na faɗinta. Haka yanke sallama a mayar da ita "slm", ko a guntule sunan Allah don gaggawa, wannan ko ƙanena na gani sai na yi masa magana, malamai ma sun sha yin tsokaci a kai. Amma yaron da ya rubuta wa abokinsa "ya ne mazaje, nomal?" shi ne zai shiga gida ya durƙusa ya ce Baba ina wuni. Ya san bakin majalisa, ya san bakin zaure. Ranar da ya tura wa mahaifinsa "ykk", a nan ne za a ce an samu matsala, kuma ko a ranar ba Facebook za a tuhuma ba, gidan da ya tashi za a leƙa.

Da mai jan layin nan yana tambaya kafin ya yanke hukunci, da an gaya masa inda guntule rubutun ya samo asali, tun da a gabansa aka yi. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001. Kira da tsada, a minti ake caji, ko daƙiƙa biyar ka yi an cire maka kuɗin minti guda, sai da Glo ta zo a 2003 aka fara lissafi da daƙiƙa. Talaka sai ya koma tes. Shi kuma tes ɗaya harafi 160 ne, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, ka zarce da ɗaya an caje ka kuɗin biyu. Wanda ke da gaisuwa, da tambayar mutan gida, da ainihin saƙon da ya kawo shi, dole ya zubar da wasula: lafiya ta koma "lfy", na gode ta koma "ngd", magana ta koma "mgn". Sannan wayoyin lokacin masu maɓallai ne. Kafin ka samu harafin z sai ka danna lamba 9 sau huɗu, x kuwa sau biyu ne a kan wannan lambar. Duk wanda ya ga "xan xo" ya yi wannan lissafin ya san babban yatsa ne ya nemi sauƙi. Haruffa masu lanƙwasa kuwa, ƙ da ɗ da ɓ, babu su ma a wayoyin. Ko a wayar da ke da su, ka saka guda ɗaya cikin tes, sai saƙon ya sauya tsari ya dawo harafi 70 kacal. Daga baya manhajar hira ta 2go ta zo wajen 2011, yara suna hira da mutum goma a lokaci guda a kan ƙaramar Nokia, abin ya zama jiki. Yanzu dalilin ya kau, WhatsApp ba ya ƙirga harafi, amma sabo ya rage. Wannan za a iya yi wa yara nasiha a kai cikin daɗin rai, kuma suna ji.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda wasu ke nuna kamar su da Hausar ƙamusun Bargery aka yaye su. Shi kansa ƙamusun nan na 1934 cike yake da kalmomin da Bahaushe ya aro wurin Larabawa da Barebari da Turawa. Jaridar farko da aka buga da Hausa zalla a Zariya a 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo, kwabon da ke sunanta daga bakin Bature ya fito, ba wanda ya yi zaman makoki. Bari ma mu bar tarihi mu dawo kan samarin Kano na shekarun 1970 da 1980, masu wando mai faɗin ƙafa da tulin suma, masu layi a ƙofar sinimar Plaza da Eldorado don kallon Indiya. Su waye suka kawo mana ɗan gaye da ɗan ƙwalisa? Da aka yi ƙarin albashin nan na 1974 zuwa 1975, su waye suka mayar da sunan Udoji, shugaban kwamitin ƙarin, ya zama sunan duk wani kuɗi da ya faɗo bagatatan? Takardar naira ashirin ta fito a 1977, nan take aka ce da ita Murtala, har gobe akwai dattawan da ba sa kiran ta da wani suna. Da jam'iyyar PRP ta dare biyu a farkon shekarun 1980, garin nan kaf ya rabu, 'yan taɓo na Malam Aminu Kano, 'yan santsi na Abubakar Rimi. Baƙon da ya sauka a tasha a lokacin ya ji ana cewa wane ɗan santsi ne, zai ɗauka mutumin faɗuwa yake yawan yi. Tazarce ta fito daga siyasar 1998 ta koma sunan riga. A daidaita sahu shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, yau sunan babur mai ƙafa uku ne, kuma mai jan layin nan shi yake hawa yana kiran sa da hakan ba tare da ya nemi fatawa ba.

Sara ake ce wa wannan, kuma malaman Hausa a Jami'ar Bayero sun daɗe suna nazarinta, ɗalibai na rubuta kundaye a kanta. 'Yan tasha da tasu, mahauta da tasu, dillalan Kwari da tasu, 'yan mata kuwa tun kafin a haifi intanet suke zaurance don kada iyaye su gane. Wata ta yi yayi ta mutu, wata ta zauna har jikoki su ɗauka da ita aka zo. Ba wanda ya taɓa kashe sara da faɗa, kuma ba wanda ya raya ta da roƙo.

Yanzu mu zo kan rubutun mai gadin da kansa, tun da shi ya buɗe wannan kasuwa. A dogon karatun da ya yi mini, ya rubuta cewa yaran zamani sun "bata" Hausa, suna "karya" a kan al'ada, kuma "kasa" ta lalace. Ba lanƙwasa ko ɗaya tun daga bisimilla har tammat. Sai mai karatu ya yi ta canka, ƙarya yake nufi ko karya, ƙasa ko kasa. Wayar da ke hannunsa kuwa ba rakani-kashi ba ce, babba ce mai shafa, irin wadda in ka saka mata allon rubutun Hausa na Gboard ka danne k ka riƙe, ƙ za ta fito da kanta. "Ya na" da "ta na" a rabe, "shine" da "nace" a haɗe. Yaron da ya rubuta "gsky" aƙalla ya san gajartawa yake yi da gangan. Shi kuwa wannan a tunaninsa daidai yake rubutawa, har yana raba wa mutane maki.

Ku kuma saurare shi ranar da aka gayyace shi gidan rediyo. Minti biyu ba ya yi sai ka ji "so", ka ji "bat", ka ji "akcuwali", ka ji "yu no". In Ingausa ta fito daga bakin mai furfura da tabarau sunanta ilimi, in ta fito daga yatsan ɗan sakandare sunanta lalacewa.

Na so in tsaya a nan, amma tun da an ce mu ne muka kashe Hausa, bari a duba inda gawar take. Akwai gidan da in ka yi sallama yara za su fito su ce maka "gud ibinin", uban Dadi ne, uwar Momi, kakarsu in ta zo daga cikin gari sai an yi mata tafinta da jikokinta. An kai su makarantar kuɗi irin wadda ake cin yaro tara in an kama shi yana "banakula", kuma maigidan yana alfahari da hakan a majalisa, wai autarsa ba ta iya ƙirga goma da Hausa ba. Yaran da ake zagaye wa rubutu da jan layi kuwa, da Hausa suke faɗa, da ita suke soyayya, da ita suke tallan atamfa da turaren wuta a sitatus, da ita suke barkwancin da mutanen Maradi da Kumasi da Jidda ke kallo suna dariya. Ranar Hausa ta Duniya da ake yi duk 26 ga Agusta, a intanet aka faro ta a 2015, kuma matasa ne suka ɗauke ta a ka har ta kai inda ta kai. Wasu sai da ta fara zuwa da babbar riga da kujerar gaba da ambulan sannan suka tuna su ne iyayen harshe.

A nan ma nake zargin gizo ke saƙar. Da can in wani ya yi rubutu, mutum ɗari biyu za su taru suna Allah ya ƙara basira. Yanzu sai ya zuba shafi guda ya samu mutum bakwai, uku a ciki 'yan gidansu ne, alhali yarinya ta ɗora jimla ɗaya da Hausar da ba ya ganewa garin ya ɗauka. Ana dariya a gabansa bai san abin da ake wa dariya ba, girma kuma ya hana shi tambaya a fili. Na ce a fili, domin akwai wanda ya taɓa bin wani yaron shagonmu ta akwatin saƙo da tsakar dare yana tambayar me ake nufi da "ya haɗu", wai wata ce ta rubuta masa a ƙarƙashin hotonsa na sallah. Da aka ce masa yabo ne, bai kira jana'izar Hausa ba a ranar. Godiya ya yi, har da "tnx".

Baba, in rubutun nan ya iso inda ya kamata, ƙofar shagona a buɗe take. A turo yaro da wayar in saka allon Hausa kyauta, ba sai an zo da kai ba. In an kawo ta kuma zan nemi izini in gyara wani abu guda. 'Yar fuskar nan mai hawaye biyu da baki a buɗe, wadda aka jera guda uku a ƙarƙashin sanarwar rasuwar surukin wani maƙwabci, ba kuka take yi ba, dariya ce har da ƙyaƙyatawa. Iyalan mamacin sun gani, kunya ce ta hana su magana, kuma har safiyar yau tana nan ba a cire ba.