Dainoson da ya haɗiye ƙayoyinsa

Ni da keken ɗinki ba baƙin juna ba ne. Na ɗinka riguna, na ɗinka labule, rigar filo kuwa ko ido a rufe. Shi ya sa da babban yarona ya ishe ni da naci yana son dainoso mai laushi wanda zai riƙa kwana da shi, na ce ya kwantar da hankalinsa. Me ke cikin dainoso? Rigar filo ce da wutsiya.

Yaron nan dainoso ya zame masa karatu. Lissafin sau bakwai har yau yana ba shi wuya, amma ya san halittun nan sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, ya san Tireks, ƙaton dainoson nan mai cin nama, yatsu bibbiyu gare shi a hannu. Na ɗauko alli na zana ƙato a kan koren yadi, babban kai, 'yan hannuwa, doguwar wutsiya. Da na ga gadon bayan ya yi fili da yawa, sai na yanko jajayen ƙyallaye masu tsini zan jera masa. Ya leƙo ta kafaɗata.

"Umma, waɗannan na Stegosoros ne."

"To ya ara masa."

"Ba su taɓa haɗuwa ba fa, Umma. Stegosoros ya riga shi da shekara kusan miliyan 80. Tireks ya fi kusa da zamaninmu a kan nasa."

Na ce ranar da ya sayi kekensa sai ya ɗinka yadda yake so.

Abin wasa irin wannan a juye ake ɗinka shi. Za a haɗa yadi biyu fuska da fuska, a bi gefe da keke, a bar 'yar ƙofa a ƙasan ciki, sannan a zaro shi gaba ɗaya ta nan. Kenan duk abin da ake so ya fito waje a ƙarshe, sai an kwantar da shi ciki kafin a taka keke. Ni kuwa na jera ƙayoyina tsaye cak, tsininsu na kallon sama, don haka suka fi kyau a ido, ni kuma mai ido ce. Na taka keke ina 'yar waƙata. Da na juyo shi, gadon baya sumul. Ko ƙaya ɗaya babu. Yaro ya shafa, ya ji su ta cikin yadin, ya ce dainoson ya haɗiye su. Can ya washe baki, wai yanzu ne ya zama Tireks na gaskiya, ashe Umma ta ji maganarsa. Na karɓi godiyar da hannu bibbiyu.

Wutsiya ce ta nuna mini iyakata. Na siranta ƙarshenta sosai, ga ragowar yadin gefen ɗinki ban rage da almakashi ba, sai ta cushe a tsakiya ta ƙi juyowa. Na ja, na lallaɓa, na yi mata magana. Daga ƙarshe na sa fensir na tura da ƙarfi, fensir ya fasa ya fito yana kallona. Na toshe ramin da allura, wutsiya ta samu ƙulli. Hannuwan nan ma sai Allah. Masana na ta muhawara kan amfanin gajerun hannuwan Tireks. Su zo su gwada cusa wa ɗaya auduga tukun.

Audugar ma ta ƙare tun ban gama kai ba, sai na farke wani filo da na gani a ajiye na ci gaba. Ka'ida a fara da lungu-lungu, kaɗan-kaɗan, a danna har ya yi tauri. Kan ya ci rabin filo. Na tsayar da shi, ya kife da fuska. Yaron ya yi bayani cewa wutsiya ce ke daidaita nauyin kai. Na dura wa wutsiya sauran. Na sake tsayar da shi, ya zauna daɓas yana kallon silin.

Botina na yi niyyar sa masa a matsayin ido, sai na tuna Auta bai cika shekara uku ba, kuma duk abin da ya tsinka bakinsa yake kaiwa. Na koma baƙin zare. Matsalar ita ce mutum ba ya ganin ɓangare biyu lokaci guda, don haka ido ɗaya ya tsaya a goshi, ɗayan ya sauko kumatu. Aka ce mini haƙoran Tireks sun kusa 60. Na ɗinka masa biyar, na ce ya tsufa.

Ina rufe ƙofar ciki da ɗinkin ɓoye babansu ya shigo. Ya ɗauka, ya juya shi gaba da baya, ya daɗe.

"Masha Allah, sannu da ƙoƙari. Wannan agwagwa ta yi ƙiba."

Auta ya fizge ta wutsiya ya ruga, yayan ya bi shi da ihu. Babansu ya wuce ɗaki, ban ankara ba sai ga shi ya dawo riƙe da rigar filo fayau.

"Ina filona?"

"Baba, yana cikin Tireks," in ji yaron daga ƙarƙashin tebur.