Kafin Ka Sa Hannu A Kan Ƙarin Bashi Da Gidan Tarayya

'Yan'uwana matasa, akwai maganar da take yawan tasowa tsakanin waɗanda suka mallaki gida ɗaya tare, ko miji da mata ne, ko wa da ƙani, ko magadan da ba su raba gidan mahaifinsu ba. Rufi ya fara yoyo, bango ya tsage, sai ɗaya ya kawo shawarar a koma banki a karɓo ƙarin rance a kan takardun gidan, tunda gidan na kowa ne kuma kowa zai amfana da gyaran. Wani lokaci shawarar daidai ce, amma da yawa suna sa hannu ne don jin nauyin ɗan'uwa, ba tare da sun san girman abin da suka ɗora wa kansu ba.

Ka fara sanin cewa ko da rabin gidan ne naka, bashin da ke wuyanka ba rabi ba ne. A yawancin yarjejeniyoyin irin wannan rance, duk wanda ya sa hannu ya amince banki ya bi shi kuɗin gaba ɗaya. Idan abokin tarayyarka ya rasa aiki, ko ciwo ya kwantar da shi, ko kuka ɓata ya ɗauke ƙafa, banki ba zai saurari cewa kai ka biya naka kason ba, kai ɗin zai tasa a gaba har sai ka cike nasa. Idan kuma biyan ya gagara, ba ɓangarensa kaɗai za a yi gwanjonsa ba, gidan ne dungurungum, har da ɗakin da 'ya'yanka suke kwana.

Sai kuma lissafi, wanda mutane ba sa son zama a kansa. A ce darajar gidan 100 ce, sauran bashin farko 60, to abin da kuka mallaka a zahiri 40 ne. Kuka ƙaro 25, ya koma 15. Idan farashin gidaje ya sauka gidan ya dawo 80, bashinku ya zarce gidan da 5, ko kun sayar ba ku fita ba. Abin da ya sami miliyoyin masu gidaje ke nan a Amurka a rikicin kuɗi na 2008, bayan shekaru ana cin bashi a kan gidaje da zaton farashi ba zai taɓa faɗuwa ba. Kada kuma ƙanƙantar abin da za a riƙa biya duk wata ta ruɗe ka, domin sau da yawa wa'adin aka ja, kuma duk shekarar da aka ƙara, kuɗin ruwa aka ƙara. Ka tambayi jimlar da za ku biya daga farko zuwa ƙarshe, har da kuɗin kimanta gida da na lauya, ka tambaya ko ruwan tsayayye ne ko yana iya hawa. Wanda yake gudun riba ya nufi bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, shi ma ya sani cewa idan banki ya sayo kayan gini ya sayar masa da ƙarin riba ta ciniki, bashi ne dai ya ci, kuma gidan yana nan a jingine.

Gyaran ma ba duka ɗaya ba ne. Rufin da ya sa kuke jera bokitai a tsakar ɗaki duk daren da aka yi ruwa, da tsagewar da take buɗewa daga tushe, da wayoyin wuta da suka fara ƙauri, waɗannan jinkirta su yana ninka kuɗinsu, kuma ban ga laifin wanda ya ci bashi dominsu ba idan babu wata hanya. Sauya tayil mai lafiya ko sabon fenti kuwa sha'awa ce, a tara mata kuɗi a hankali. Ku kira magina fiye da ɗaya su duba su rubuta farashi, ku bar rara a lissafin, domin sai an yaye rufi ake ganin katakon da gara ta cinye.

Idan kun yanke shawarar karɓa, to ku rubuta. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma ba ta cire 'yan'uwan jini ba. Takardarku ta faɗi nawa kowa zai biya, da abin da zai faru da kason wanda ya biya fiye da nasa, da yadda za a yi idan ɗaya ya so sayarwa, ko aure ya mutu, ko aka yi rasuwa magada suka shigo. Kuɗin ya shiga asusun da sai ku biyu kun amince ake cirewa, a ajiye rasiɗin kowane buhun siminti. Sannan kafin ranar sa hannu, kowannenku ya kai takardun banki wurin lauyansa na daban, ba wanda ɗayan ya kawo ba, a karanta masa su layi-layi.