Tsintsiya da ashana sun fi ruwan sama cin ƙasar gidajenmu

Jama'a akwai maganar da ta daɗe tana ci min rai, yau dai bari in amayar da ita tunda damina ta kankama kowa na ganin abin da ruwa ke yi wa tsakar gidansa.

Don Allah in ka samu lokaci je ka duƙa a gindin katangar gidanku ka duba inda filasta ta tsaya, nan ne ƙasa take ranar da aka gama ginin. Yanzu ina take? A gidanmu nan Gombe na sa hannu na auna, tazarar ta haura taƙi guda, duwatsun fandisho sun fara leƙowa, gwaibar da Baba Allah ya jiƙansa ya dasa kuma saiwarta duk ta fito fili kamar jijiyar bayan hannun tsoho. Sau biyu muna sayen tifar ƙasa muna bajewa, sau biyu ruwa na kwashe ta ta rariya ya kai kwata, mu kuma sai dai mu ce ai ruwan bana ne da ƙarfi.

Ni dai yanzu na yarda mu muke miƙa wa ruwan ƙasar da hannunmu. Safe shara yamma shara, a kwashe ganye, a kwashe kashin awaki, tsintsiya ta haɗa har da lallausar ƙasar sama, a tara a lungu a ƙyasta ashana. Ciyawa ta ɗan leƙo sai a ba yaro fartanya ya kankare kar a ce gidan ƙazamai ne. To shikenan ƙasa ta zama tsirara, in hadari ya sako kowane ɗigo dukanta yake yana farfasa ta, garin nan mai laushi ya toshe ƙofofin da ruwa zai bi ya nutse, rana ta fito wurin ya yi ɓawo, ruwa na gaba kuma ba inda zai shiga sai ya kama gudu. Jan ruwan nan da kake gani yana fita ta rariya ƙasarka ce, kuma mai kyan ce, wadda zogale da alayyahu suke ci. Masana sun ce ƙasar sama da kaurinta bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba tana iya ɗaukar shekara 1,000 kafin ta haɗu, mu kuma a marka ɗaya muke sallama ta.

Sannan ga rufin kwano da ba mu sa shi a lissafi. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 lita guda ce cif. In rufinka murabba'in mita 100 ne aka yi ruwan milimita 30 a dare ɗaya, lita 3,000 kenan, duro 15, duk suna sauka a layi ɗaya ƙarƙashin bakin kwano ko ta indararo. Wace ƙasa ce za ta jure wannan?

Na san abin da za a ce, a shafe da siminti kawai ko a sa intalok a huta. Wallahi wannan shawarar ce ta fi ɓata min rai. Ruwan ai bai ɓace ba, ka ƙara masa gudu ne ka tura wa maƙwabcinka na gangare, shi ma ya shafe nasa ya tura gaba, a haka layi yake zama kwari. Mu mutanen Gombe ba sai an ba mu labarin kwazazzabo ba, mun ga wanda ya fara kamar ɗan tsagi yaro na tsallake shi, yau gida yake ci. Ga zafin da simintin ke tarawa da bazara ba a iya zama a tsakar gida.

Abin da muka yi bara bai kai kuɗin tifa ɗaya ba. Fasassun bulo da tsakuwa muka jera a layin da ruwan kwano ke ɗiga, muka kafa duro biyu a bakin indararo da murfinsu saboda sauro. Kunyoyin lambu da a da suke bin gangare muka juya su suka gitta, kowace kunya ta zama ɗan shinge mai tare ruwa. Ganyen da ake ƙonawa da ɓawon gyaɗa da guntayen kara muka shimfiɗa a gindin bishiyoyi da tsakanin shuka. Rabuwa da ƙona sharar nan ce ta fi wuya, Inna ta ce min "kai ɗan nan so kake ka tara min kunama da maciji a gida", kuma gaskiyarta, shi ya sa muka yi sulhu, inda ake zama da girki da inda yara ke wasa a share tas, shimfiɗar ganye kuma a lambu kaɗai, ba mai kauri sosai ba, kuma nesa da bango saboda gara.

Ba sabuwar dabara ba ce ma. 'Yan uwanmu na yankin Tawa a Nijar da tassa suka farfaɗo da fako, ramuka ne ƙanana ake haƙawa tun da rani a zuba taki cikin hannu ko biyu, ruwa ya zo ya tarar da wurin zama. A Burkina Faso marigayi Yacouba Sawadogo da irin ramukan nan da jeren duwatsu ya mayar da fako daji, har aka ba shi lambar yabo ta duniya a 2018. In an yi a eka-eka, tsakar gida fa?

Bana ruwan da ke fita ta rariyarmu ya fara haske, jan ya ragu sosai, kuma jiya na ɗaga ganyen gindin gwaiba na ga ƙasar ta yi baƙi da danshi har da tana. Saura kusurwar bayan ɗakin girki da har yanzu take cinyewa, can nake so in dasa ciyawar jema layi guda a gicciye, don saiwarta nutsawa take can ƙasa ba ta yaɗo gefe, in ta yi duhu kuma tace ruwa take ta riƙe ƙasar. Na yi magana da wani mai aikin fadama zai tono min, so nake ta kama kafin marka ta sauka in sha Allahu.