John Deacon bai yi wa kowa butulci ba

A majalisarmu ta nan Jidda akwai matasan da ke ganin John Deacon, mai kaɗa jitar bes a ƙungiyar Queen ta Ingila, ya yi wa abokansa butulci da ya ajiye kiɗa a 1997, alhali Brian May da Roger Taylor suna ci gaba da zagaya duniya da sunan ƙungiyar. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, kuma ina ganin masu yanke shi ba su lura da irin aikin mai bes ba.

Bes jita ce mai tsirkiya huɗu da murya mai kauri, wadda take ɗaure ganga da sauran kayan kiɗa, ta yadda mai sauraro ba ya lura da ita sai ta yi shiru. Kowa ya san Shata, amma mutum nawa ne za su iya kiran sunayen masu kalangunsa? Deacon, wanda aka haifa a Leicester a 1951, ya shiga Queen a 1971 yana ɗalibin ilimin lantarki a Landan, kuma shi ne ƙaraminsu. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙaramar na'urar ƙara sauti da ya harhaɗa da hannunsa daga tarkacen da ya tsinta a bola, ya cusa a akwatin lasifika, ya sa mata batir, har May ya riƙa naɗar waƙoƙi da ita. Duk wanda ya taɓa kallon masu gyaran rediyo a kasuwar Harajin Sawarikh ta Jidda ya san irin wannan hannu.

Shi ne kuma ya rubuta "Another One Bites the Dust", wadda ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a 1980, don haka ba rashin basira ce ta zaunar da shi ba. Bayan rasuwar Freddie Mercury, mawaƙin ƙungiyar, a watan Nuwamba na 1991, sau kaɗan ya sake hawa dandamali, sannan ya koma gida wurin iyalinsa da 'ya'yansa shida. Ko bikin karrama ƙungiyar da aka yi a Amurka a 2001 bai halarta ba. Bai hana abokansa amfani da sunan ba, bai kuma bi kafafen yaɗa labarai yana aibata su ba. To, ina butulcin yake?