Bindigar kaka ba saƙon tasha ba ce

Wata sabuwar sana'a ta kunno kai a guruf-guruf na WhatsApp da shafukan Facebook na masu cinikin tsofaffin kaya. Da can takubba ne da tsofaffin kuɗi da tasoshin tagulla. Yanzu sai ka ga hoton bindigar toka an jingine ta da garu, ƙotarta ta sha fata da layu, a ƙasa an rubuta cewa ta zamanin Shehu ce, kuma ana aika wa mai saye ko'ina yake, har ƙasar waje. Mu bar batun cewa jama'ar Shehu da kwari da baka suka fi yin yaƙin Tabkin Kwatto a 1804. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne amsar da dillalan nan ke bai wa duk wanda ya tayar da zancen doka, amsa guda kamar an haddace ta: ai kayan tarihi ce, ko a Amurka ta gidan waya ake aika irinta.

Rabin maganar gaskiya ne, kuma da wannan rabin ake jan 'ya'yan mutane zuwa gidan yari. Dokar tarayyar Amurka ta ware bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan, ba ta lissafa ta cikin bindigogin da ake bi da tsauraran ƙa'idojin ciniki. Amma masu kafa hujja da Amurka ba sa ƙarasa karatun. Gidan wayar can bai yarda a ba shi bindiga da ɗuri a cikinta ba, kuma yana da ikon sa ka buɗe ƙunshin ko ka rubuta shaidar cewa babu komai a ciki. Harsashi da albarushi kuwa ba sa shiga gidan waya ko kaɗan. Ba a yarda a rubuta a bayan kwali abin da ke ciki ba. Bayan wannan kowace jiha na da nata dokokin. Duk wannan kuma zancen aike ne a cikin ƙasarsu, a ƙarƙashin dokarsu. Me ya haɗa shi da saƙon da zai tashi daga Sakkwato?

Ingila ma ta taɓa sakin linzami a kan tsofaffin bindigogi, ta kuma ɗanɗana kuɗarta. A 2017 kotu ta ɗaure wani dillalinsu shekara 30, saboda yana sayar wa miyagu tsofaffin bindigogi yana kuma ƙera musu harsashin da aka daɗe da daina yi. A 2021 gwamnati ta gyara doka, ta ce sai wadda aka ƙera kafin 1 ga Satumba, 1939 za a iya kira ta tarihi, ta kuma mayar da wasu nau'o'in ƙarƙashin lasisi. Ƙasar da ba ta da 'yan bindiga a daji ke nan.

Mu dawo gida. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, akwai waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sannan akwai masu ɗuri ta baki, irin su harba-ka-ruga da mai ƙanƙara, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wato irin bindigar da Bature ke ratayewa a falo don ado, ita ce dokarmu ta kira da sunanta ta sa a jerin makamai. Dokar ta kuma hana shigo da bindiga ko harsashi ta gidan waya, fitar da ita waje kuwa sai da izini. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A nan bindigar toka ba ta yi ritaya ba. Da ita mafarauci ke shiga daji, da ita ɗan sa-kai ke kwanan gadi a bakin ƙauye, maƙera kuma na ƙera sababbi har gobe. Ɗan sandan da ke shingen bincike a hanyar Gusau ko ta Illela ba shi da hanyar rabe wadda ta shekara 120 da wadda aka ƙera bara aka binne ta ta yi tsatsa.

Akwai kuma abin da dillalan intanet ba su sani ba, wanda kowane tsohon maharbi ya sani. Bindiga mai ɗuri ta baki ba a buɗe ta ta baya a leƙa. Mutanen da sukan ajiye ta a ɗure, mai ita ya rasu, 'ya'ya su gada, jikoki su gada, ɗurin na nan. Albarushi in bai sha ruwa ba yana iya tashi bayan shekaru masu yawa. Masana kan zura sandar ɗuri cikin bututun, su yi alama a inda ta tsaya, su zaro ta su gwada ta waje. In ba ta kai gindin bututun ba, to akwai wani abu a ciki. Wa ke yin wannan kafin a naɗe ta a tabarma a kai tasha? Domin mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba gidan waya na NIPOST ake kai irin wannan kaya ba. Hannun ɗan kamasho ake miƙa shi, a ce "ƙarafa ne, Malam, a Kano za a karɓa", a ba da lambar waya a juya. Direban da ke neman abincin iyalinsa ya cusa ta ƙarƙashin kujera, fasinja su zauna a kai cikin zafin watan Afrilu. In aka tare motar, shi za a fara kamawa, a jihar da mutanen Isa da Sabon Birni ke binne 'yan uwansu, Tangaza da Gudu na fama da Lakurawa. Wa zai saurari bayanin tarihi a wannan yanayi?

To, a ce ma ta tarihin ce da gaske. Nan hujjar tasu ta fi rushewa. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta sa makamin da aka ƙera a ƙasar nan kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana cinikinsa sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ta hana fitar da shi sai da takardarta. Saboda haka in bindigar sabuwa ce, dokar makamai ta kama ka. In tsohuwa ce ƙirar maƙeranmu, doka biyu ce a wuyanka. Kuma ni abin da ya fi yi mini ciwo shi ne araha. Bindigar da wataƙila kakan wani ya riƙe a yaƙin Giginya da Turawa ranar 15 ga Maris, 1903, ko ya bi Sarkin Musulmi Attahiru da ita har Burmi, a sayar da ita kuɗin wayar hannu, ta tafi inda babu wanda ya san sunan mai ita.

Masu cewa a bi gida-gida a kwashe su duka a ƙone ba su cancanci doguwar amsa ba, don ba da bindigar toka ake tashin garuruwa ba. Abin da ya kamata shi ne Majalisar Sarkin Musulmi da rundunar 'yan sanda su buɗe ƙofar rajista ta hannun hakimai, ba tare da an tuhumi wanda ya kawo kayan gadonsa ba. Wanda ba ya son riƙewa ya miƙa wa Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, a rubuta sunan gidansu a jiki. Shugabannin tasha kuma su hana karɓar kowane saƙo sai an kwance shi a gaban direba, ko da mai kawo shi hakimi ne.